"Ubangiji Ya Nuna Mini": Yaya Ake Gane Nufin Allah?

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin aure na ikilisiya ya san wannan magana. Saurayi zai zo gaban fasto da dattawa ya rusuna ya ce, "Baba, Ubangiji ya nuna mini wance ce matata." A tambaye shi ta yaya, ya ce mafarki ya yi, ya gan ta cikin fararen kaya tana miƙo masa ruwa. A kira yarinyar, ta ce ita kam ba a nuna mata komai ba. Wani lokaci ma samari biyu ne ake nuna wa yarinya guda, galibi wadda ta fi zaƙin murya a ƙungiyar mawaƙa. Nan take bakin kowa sai ya yi nauyi, don wa zai yi jayayya da abin da aka ce Allah ne ya faɗa?

Ba a kan aure kaɗai ba ne. Neman aiki, ƙaura zuwa birni, shiga makarantar tauhidi, tsayawa takara, duk ana neman fuskar Ubangiji a kansu. Wasu na azumi, wasu na kwana a dutsen addu'a, wasu kuma na bin masu annabci da 'yar ambulan a hannu. Ƙishin na gaskiya ne, ba abin raini ba. Amma a ganina mun nace wa abin da Allah ya ɓoye, mun yi sakaci da abin da ya riga ya bayyana.

Tun a Maimaitawar Shari'a 29:29 Musa ya raba abin gida biyu: akwai al'amuran da Allah ya bar wa kansa, akwai kuma waɗanda ya fito da su fili domin a yi aiki da su. In ka bi wuraren da Sabon Alkawari ya ambaci nufin Allah kai tsaye, ba za ka sami sunan gari ko na yarinya ba. A 1 Tasalonikawa 4:3 zancen tsarkin rai ne da guje wa fasikanci, a 5:18 zancen godiya, a 1 Bitrus 2:15 kuwa aikata nagarta. Duk hali ne. Bulus ma a Romawa 12:2 ya ɗaure gane nufin Allah da sabuntawar hankali. Ɗan kasuwar da ke tauye mudu, ya kuma shiga azumin kwana uku don a nuna masa ko ya buɗe sabon shago, ai an riga an yi masa magana a kan mudun, shi ne bai amsa ba.

Sai batun "ƙofa ta buɗe", wanda mutane da yawa suka mayar da shi ma'auni. In abu ya zo da sauƙi, na Allah ne. In ya yi tauri, babu hannunsa a ciki. To, Yunana fa? An aike shi Nineba, ya gangara Yafa, ya tarar da jirgin Tarshish a shirye, ga kuɗin jirgi a aljihu, har ya sami kwanciyar hankalin sharar barci ana tsakiyar hadari. Masu cewa "na sami salama a zuciyata" su riƙe wannan. Dawuda kuma ya sami Saul shi kaɗai a kogon Engedi, mutanensa na ce masa ga ranar da Allah ya ba shi, amma ya ƙi kashe shi, domin ya san abin da bai halatta ba, ko da zarafi ya samu.

Tarihin zuwan bishara ƙasarmu ma ya rushe ma'aunin ta ɗaya gefen. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kutsawa cikin ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin. Mishan da suka tarar a bakin teku sun gargaɗe su cewa ba za su kai ba. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham, da zazzaɓin cizon sauro ya kayar, ya koma gida. Ya sake dawowa a 1900, zazzaɓin ya sake kora shi. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi, bakin kogin Kwara. Daga wannan aiki, wanda aka sani da mishan ɗin SIM, ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Da Bingham ya auna da sauƙi da wuya, da kaburbura biyu sun ishe shi amsa.

Ban ce Allah ba ya magana ta mafarki ko wahayi ba. A Ayyukan Manzanni 16 Ruhu ya hana Bulus da abokansa yin wa'azi a Asiya, ya hana su shiga Bitiniya, sai a Taruwasa Bulus ya ga wahayin mutumin Makidoniya. Amma a lura, suna kan tafiya ne aka karkatar da su, ba zaune suke suna jiran alama ba. Tare kuma suka auna abin kafin su shiga jirgi. Inda wahayin ya kai su, wato Filibi, bulala da kurkuku suka tarar. Littafi Mai Tsarki da ya ba da wannan labari shi ne kuma ya tsawata wa annabawan mafarkin ƙarya a Irmiya 23, ya ce a 1 Yahaya 4:1 a gwada ruhohi. Masu kafa hujja da ulun da Gidiyon ya shimfiɗa don neman alama kuwa sun manta cewa an riga an faɗa masa abin da zai yi tun kafin ya shimfiɗa shi. Tsoro ne ya sa shi neman ƙari, Allah kuma ya yi haƙuri da shi. Ƙuri'a ma, tun zaɓen Matiyas ba a ƙara jin manzanni sun jefa ta ba. Da gardamar kaciya ta taso, taro suka yi a Urushalima, aka yi muhawara, aka duba Nassi, aka yanke shawara.

Shi ya sa kiran da mutum ya ji shi kaɗai, ba wanda ya shaida, yake bukatar a tsaya a duba shi. Barnaba da Shawulu, wato Bulus, ikilisiyar Antakiya ce ta ɗora musu hannu ta sallame su. Dattijon da ya san ka tun kana makarantar Lahadi, ko Mama ta Zumuntar Mata da ta ga aure iri-iri, sukan hango abin da zumuɗi ya rufe maka.

Hankali ma kyautar Allah ne. Majami'u da yawa yanzu ba sa ɗaura aure sai an yi gwajin jini, kuma daidai suka yi. In saurayi da budurwa duka nau'in jininsu AS ne, kowane ciki yana da kasadar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Wannan sakamako na takardar asibiti yana cikin abin da za a kai gaban Allah a auna da idon basira, ba a ture shi da sunan bangaskiya ba, sannan in yaro ya kwana yana kukan ciwon ƙashi a ce "haka Allah ya so."

Bayan an bi duk wannan, sau da yawa hanyoyi biyu za su rage, kowace halal. Nan mutum yana da 'yancin zaɓa. Gwauruwa a 1 Korantiyawa 7:39 an bar ta ta auri wanda take so, muddin mai bi ne. Masu tsoron Allah ma kan auna abu guda su saɓa. Bulus da Barnaba sun yi zazzafar gardama a kan tafiya da Yahaya Markus, wanda ya taɓa barinsu a Bamfiliya, har suka rabu: Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus, Bulus ya zaɓi Sila. Luka, wanda ya rubuta labarin, bai faɗi wanda ya fi gaskiya ba, ba kuma wanda ya ce an nuna masa. Daga baya, yana kurkuku, Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti ya taho masa da Markus, don zai yi masa amfani a aikin.