Daga Jirgin Kara Zuwa Jirgin Kan Tebur: Ilmin Da Ke Cikin Wasan Yaran Ƙofar Doka

Duk wanda ya yi ƙuruciya a birnin Zariya, musamman a unguwannin da ke daura da Ƙofar Doka, ba zai manta da lokacin kaka ba, watau sa'ad da aka gama girbin dawa, aka shigo da kara dami-dami domin danni da girki. A wannan lokaci ne yara maza kan zauna a gindin ganuwa ko a bakin zaure, kowa da reza ko 'yar wuƙa a hannu, su ɓare bayan kara, su yanka totuwarsa gunduwa-gunduwa, su soke wannan da wancan, kafin la'asar sai ga mota ta fito da ƙafafunta da sitiyarinta. Waɗanda suka fi gwaninta ba su tsayawa a kan mota. Sukan tara gwangwanayen kifi su jera su a matsayin taragai, su ɗaure su da waya, su sa gwangwanin madara a gaba ya zama kan jirgi, murafun kwalba ko tsohon silifa su zama ƙafafu, sa'an nan su ja abinsu da zare suna kwaikwayon kukan jirgin da suke jiyowa daga Sabon Gari.

Manya da yawa sukan ɗauki wannan abu shiririta ce kawai. Amma a wasu ƙasashe irin wannan wasa ya girma ya zama sana'a mai kamfanoni da ƙungiyoyi da mujallu, wadda likitoci da malamai da ma'aikatan gwamnati ke ba ta lokacin hutunsu. Ya kamata a duba yadda abin yake a can, da kuma abin da Zariya za ta iya ci da shi kafin gwanintar ta ɓace.

Zariya garin reluwe ne

Ba banza ba yaran Zazzau suka shaƙu da jirgin ƙasa. A shekarar 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin Kogin Kwara, zuwa Kano. Layin ya ratsa Zariya, ya isa Kano a 1911, kuma a 1912 aka haɗe shi da layin Ikko a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Ba a shigar da dogon cikin ganuwa ba. An kafa tasha a arewa da birni, tsallaken rafin Kubanni, inda ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban suka zauna, Sabon Gari ya bunƙasa. Sabo da haka mutumin cikin birni da ke son hawa jirgi, galibi ta Ƙofar Doka yakan fita, ya ratsa Tudun Wada, sa'an nan ya isa tasha.

Bayan haka Zariya ta zama mahaɗa. Daga nan aka ja wani ƙaramin layi zuwa ƙasar Jos domin kwaso kuza, wanda ya isa Rahama a 1912, ya kai Bukuru a 1914, tafiyar kimanin mil 143. Daga nan ne kuma aka ja layin da ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, domin auduga da gyaɗa. Ƙaramin layin Jos ya yi aiki har 1957 lokacin da aka rufe shi, tun da an riga an sami babbar hanya ta Kafanchan. A yau samarin Zariya kaɗan ne suka san an taɓa yin jirgin da ke tashi daga garinsu kai tsaye zuwa Jos, ko da yake an adana wasu daga cikin kawunan jirgin da taragansa a wajen gidan kayan tarihi na Jos.

Yadda abin ya samo asali a Turai

A ƙasar Jamus akwai wani kamfani mai suna Märklin, wanda aka kafa a 1859. A baje-kolin birnin Laifzig na 1891 ya fito da ƙananan jirage waɗanda ake wana su da makulli kamar agogo, tare da dogo gunduwa-gunduwa mai faɗi ƙayyadadde, ta yadda wanda ya sayi jirgi bana zai iya sayen ƙarin dogo da taragai baɗi su dace da juna. Wannan dabara ce ta mai da abin wasan rana ɗaya ya zama aikin da mutum zai yi ta ƙarawa shekara da shekaru. A Amurka kamfanin Lionel ya fara a 1900, ya shahara da jirage masu aiki da lantarki. A Ingila kuwa Frank Hornby, wanda ya ƙago kayan haɗe-haɗen nan na Meccano, ya fitar da nasa jirgin a 1920. Tun 1910 ma masu sha'awar abin suka kafa ƙungiyarsu a birnin Landan, kuma tana nan har yanzu.

Mafi shahara a wannan fage a yau shi ne wani gida a birnin Hambug na Jamus da ake kira Miniatur Wunderland, wanda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Dogon da aka shimfiɗa a cikinsa ya haura kilomita 15, da garuruwa da duwatsu da filin jirgin sama, duk 'yan ƙanana, kuma jama'a na biyan kuɗi su shiga kallo.

Ma'auni shi ne gishirin aikin

Bambancin da ke tsakanin jirgin gwangwani da na masu wannan sana'a bai wuce ma'auni ba. Yaro yakan ƙera da ido, su kuwa da lissafi. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake raba tsawon kowane abu gida 87 a ɗauki ɗaya. Alal misali, taragon da tsawonsa ya kai mita 20 zai koma santimita 23, mutum mai matsakaicin tsawo kuwa ba zai wuce santimita 2 ba. Akwai ma'aunin N, ɗaya cikin 160, da na Z, ɗaya cikin 220, wanda Märklin ya fitar a 1972. Mutanen Ingila su kuma sun fi riƙo da OO, ɗaya cikin 76, domin jiragensu ƙanana ne, kuma injunan lantarki na wancan zamani sun yi wa cikinsu girma, sai aka ɗan ƙara wa gangar jikin faɗi aka bar dogon yadda yake.

A nan ne ɗalibin Zariya zai sami lissafi mai daɗi. Faɗin dogon yawancin ƙasashen Turai milimita 1,435 ne, idan aka raba shi gida 87 sai a sami 16.5, wanda shi ne faɗin dogon HO da ake sayarwa. Irin wannan faɗi ne na layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Amma tsohon layin da ya ratsa Zariya faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, watau milimita 1,067, wanda zai koma 12 da 'yan kai. Sabo da haka mai son siffanta jirgin Kano bisa gaskiya sai ya nemi dogo mai milimita 12, kamar yadda wasu masu sha'awar abin ke yi a Afirka ta Kudu da Ostareliya, inda ake da irin wannan layi. Ƙaramin layin Jos kuwa ƙafa 2 da inci 6 ne, milimita 762, wanda zai koma kusan 9, daidai da dogon ma'aunin N. Wannan ya nuna ke nan wanda zai gina tashar Zariya kamar yadda take kafin 1957 dole ya shimfiɗa dogo iri biyu a kan tebur ɗaya.

Ba kuma a siffanta hanya duka. Mil 143 na tsakanin Zariya da Bukuru, ko an rage shi gida 87, zai ci fiye da kilomita biyu da rabi. Abin da gwanaye ke yi shi ne su zaɓi wuri ɗaya, kamar tasha ko gada ko kwana, su tsaya a kansa su inganta shi.

Ƙasa da itatuwa da gine-gine

Rabin aikin ba a jikin jirgi yake ba, a kewayensa yake. Bature yakan sayi ciyawar roba da garin farar ƙasa da 'yan gidajen da aka zuba a masana'anta. Bazazzagi kuwa kayan aikinsa na nan a bayan gida. Jar ƙasa idan aka tankaɗe ta da rariya aka yayyafa a kan katakon da aka shafa wa ƙaro, za ta ba da launin ƙasar Arewa fiye da kowane fenti. Yashi mai ɗan kauri zai zama tsakuwar da ake zubawa a ƙarƙashin dogo. Garin katako da aka rina kore zai zama ciyawar damina, wanda aka bari da launinsa kuma ya zama ta rani. Da yumɓu za a gina ganuwa da soraye masu zankwaye, kuma bangon da tsayinsa ya kai mita 6 ba zai wuce santimita 7 ba. Murɗaɗɗiyar waya da ɗan soso za su ba da rimi, itacen da aka san birnin Zazzau da shi, a can baya kuma a ɗora dutsen Kufena da takarda da sitaci.

Wannan aiki yana tilasta wa mai yinsa ya buɗe ido. Sai ya je ya ƙirga tagogin ginin tasha, ya auna tsawon dandamali, ya tambayi tsofaffin ma'aikatan reluwe inda tankin ruwa yake a da, da inda ake jibge kwal, da yadda ake loda dilolin auduga da buhunan gyaɗa. Ta haka wasa ya zama binciken tarihi. Sai dai wajibi ne a nemi izinin hukumar tasha kafin a shiga aune-aune, kuma kada yaro ya kusanci dogo ba tare da babba ba.

Sababbin jirage da tsadarsu

Kowace shekara, a farkonta, kamfanoni kan bayyana sababbin jiragen da za su fitar, da yawansu a babban baje-kolin kayan wasa na birnin Nurambag, wanda ake yi tun 1950. A da, lantarki mai ƙarfin bolt 12 ake sakarwa a dogo, duk jirgin da ke kai ya tashi lokaci ɗaya. Daga shekarun 1980 aka shigo da 'yar na'ura da ake sa wa kowane kan jirgi, mai karɓar umurni ita kaɗai, ta yadda jirage da yawa za su yi tafiya a dogo ɗaya kowa da saurinsa. Na yanzu har fitila suke kunnawa, su yi kuka, wasu ma su fitar da hayaƙi.

To, amma kayan suna da tsada ƙwarai, da kuɗin waje ake sayensu, kuma kamfanonin sun fi mai da hankali kan jiragen Turai da Amurka da Japan, inda masu saye suke. Wanda ke son ganin irin kawunan jirgin nan masu kwal waɗanda aka sa wa sunayen kogunan Nijeriya, ko masu man dizal da suka fara shigowa a tsakiyar shekarun 1950, galibi sai dai ya ƙera abinsa da hannu. A nan ne gadon maƙeran farfaru da masu aikin gwangwani zai yi rana, haɗe da na'urar zamani mai zubo siffa daga zanen kwamfuta.

Abin da ke neman kuɓucewa

Yau abubuwa sun sake. Motocin roba masu araha sun cika kasuwa, wayar hannu ta ɗauke hankalin yara, gonakin da ke kusa da ganuwa sun zama gidaje, ita kanta Ƙofar Doka an gina mata gadar sama. Zirga-zirgar jiragen fasinja a tsohon layi ta ja baya ƙwarai, har yaro zai iya girma a Zariya bai taɓa shiga tarago ba. Tsofaffin direbobi da masu zuba kwal waɗanda suka san jirgin Jos kuwa sai ƙarewa suke yi. Idan aka yi sake, gwanintar hannun da labarin za su tafi tare.

Alhali kuwa ƙasar nan na bukatar masu wannan gwaninta. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layi daga Kaduna zuwa Kano, kuma dogo ba ya kula da kansa, sai da injiniyoyi da makanikai. Tun 1982, da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4, ake ta kiran a koya wa yara aikin hannu, amma sau da yawa darasin kan tsaya a kan allo sabo da rashin kayan aiki. Ga shi kuwa darasin da kayansa kara ne da gwangwani da yumɓu, wanda ya haɗa lissafi da zane da lantarki da tarihi a wuri ɗaya.

Zariya ba ta rasa masu ɗaukar wannan nauyi ba. Ga Kwalejin Alhudahuda a nan Ƙofar Doka, ga Kwalejin Barewa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga sassan injiniya da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya wadda aka kafa a garin a 1986. Da kowace makaranta za ta ware ɗaki ɗaya da tebur ɗaya da malami ɗaya, cibiyar kuma ta shirya gasa sau ɗaya a shekara, Hukumar Jiragen Ƙasa ta ba da tsofaffin zane-zane da hotuna, da ba a daɗe ba an ga tashar Zariya ta 1950 ta dawo a kan katako, da dogonta iri biyu.

Su kuma iyaye, idan suka ga yaro ya duƙufa yana yankan kara ko yana buga gwangwani, maimakon tsawa gara a miƙa masa rula a nuna masa yadda ake raba tsawo gida 87. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da yayyafi kogi kan cika.