Yadda Kwamfuta Ke Awon Wutar da Take Sha

Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun malaman makaranta da masu shagon buga takardu a Sabon Birni da Isa 'yan gwanjo ne, an sayo su Sakkwato ko Kano, kuma sola ko janareta ke ciyar da su. Idan ɗaya ta fara mutuwa da kanta tsakar rana, batir ko caja ake fara zargi. Sau da dama kuwa laifin yana cikin wasu 'yan kayayyaki masu girman ƙwayar gero da ke gefen furosesa.

Cajar laftof takan bayar da volt 19, furosesa kuwa abin da bai wuce volt 1 da ɗan ɗoriya ba yake buƙata. Sai dai yana zuƙar wuta da yawa: amfiya gommai a laftof, fiye da 100 a manyan kwamfutoci. Hanya ɗaya ba ta iya ɗaukar wannan kaya, shi ya sa ake raba shi hanya biyu, uku, har fiye da goma, kowace da mosfet ɗinta da koyil ɗinta. Aikinsu kamar lugude ne: turmi ɗaya, taɓare da yawa, kowace na sauka a lokacinta. Aisi, wato guntun lantarkin da ke jagorantarsu, dole ya san nawa kowace hanya ke ɗauka, don kada ɗaya ta ƙone saura suna hutawa.

To, ta yaya zai sani? Hanya mafi sauƙi ita ce a sa rezisto na awo a kan layin. Tana da kyau, amma tana da asara: rezisto mai mili'om 1 da amfiya 30 ke bi ta cikinsa yana mayar da wat 0.9 zafi, a kowace hanya. Sai injiniyoyi suka lura cewa wayar jan ƙarfen da aka naɗa koyil da ita tana da tata 'yar tirjiya, wadda ake rubutawa DCR, kuma ita ma za ta iya zama ma'auni ba tare da an ƙara komai a kan layin ba. Ana haɗa rezisto ɗaya da kafasita ɗaya a jere, a ɗora su a kan ƙafafu biyu na koyil. Abin da ya taru a kan kafasitar shi aisi ke karantawa.

Sharaɗin guda ne, kuma a nan zaɓen kaya yake. R sau C, wato awon rezisto sau awon kafasita, dole ya yi daidai da L, wato awon koyil, a raba da DCR. Koyil mai maikirohenri 1 da DCR mili'om 1 yana ba da milisakan 1. Idan aka ɗauki kafasita mai maikirofarad 0.1, to rezisto mai om 10,000 ne abokin tafiyarta. Amfiya 30 za ta bayyana a matsayin milivolt 30 kacal, abin da ɗan datti ko mummunan liƙin dalma zai iya gurɓatawa. In R sau C ya gaza, duk sanda furosesa ya zabura, awon zai wuce gaskiya, aisi ya ɗauka wuta ta yi yawa ya kashe na'ura ba gaira ba dalili. In ya zarce, awon zai yi nawa, kariya ta zo a makare.

Abin da ya fi shafar wannan yanki na ƙasar Gobir shi ne zafi. Tirjiyar jan ƙarfe tana ƙaruwa da kusan kashi 0.39 cikin 100 a kowane digiri. Koyil da ya tashi daga digiri 25 zuwa 85 ya ƙara kusan kashi 23 cikin 100, aisi kuma zai ga kamar wutar ce ta ƙaru haka. A Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa ma kan haura digiri 40, a shago mai rufin kwano, ga fankar da ƙurar hunturu ta toshe, kai wa 85 ba abin mamaki ba ne. Maganin da masu ƙira suka tanada shi ne tamista nau'in NTC, wadda tirjiyarta ke raguwa in ta ji zafi. Ana dasa ta dab da koyil don ta gyara awon, kuma in aka matsar da ita gefe amfaninta ya tafi.

Kafasita ma ba duka ɗaya ba ne, ko da kala da girma sun zo daidai. Nau'in C0G kusan ba ya motsi da zafi, sai dai masu babban awo a cikinsa sun fi girma da tsada. X7R yana tsayawa cikin kashi 15 sama ko ƙasa daga digiri 55 ƙasa da sifili zuwa 125, shi aka fi sawa. Y5V kuwa an yarje masa ya zubar da har kashi 82 na awonsa, don haka a ganina bai da gurbi a nan ko kaɗan.

Masu gyaranmu suna da basira, kuma yawanci daga mataccen bodi suke ciro kaya, abin da ba laifi ba ne. Matsalar ita ce waɗannan ƙananan kafasitoci ba su da rubutu a jiki. Koyil yana da shi, R36 na nufin maikirohenri 0.36, 1R0 na nufin 1, amma rubutun bai faɗi DCR ba, mitar hannu kuma ba ta ganin mili'om, domin tirjiyar wayoyinta kaɗai ta ninka shi sau ɗari ko fiye. In aka sa koyil mai DCR mafi girma a hanya ɗaya, aisi zai zaci ta fi kowa kaya, ya rage mata, ya jibga wa 'yan uwanta, bayan 'yan makonni mosfet ya ƙone a wani wuri dabam. Saboda haka a nemi bodi iri ɗaya, a ciro daga gurbi iri ɗaya. In ba a samu ba, gara a sauya koyil ɗin dukkan hanyoyin tare da rezisto da kafasitar kowanne daga bodi guda mai aisi iri ɗaya.