Me Ya Sa Kajinku Suke Ƙin Kwana A Akurki?

Yau batun kaji za mu taɓa.

Duk mai kajin gida ya san wannan rigimar ta magariba. Ka kashe kuɗi ka gina akurki, amma rana na faɗuwa sai ka ga ɗaya ta haye katanga, ɗaya tana kan darbejiya, zakara kuma ya ɗare rufin banɗaki. A tara yara a yi ta kora, gobe ma a maimaita. Mu a gidanmu sai da muzuru ya ɗauke mana kaji biyu a mako guda sannan na zauna na yi wa abin karatun ta-natsu.

To, da farko dai ba taurin kai ba ne. Kaza ba ta gani sosai idan duhu ya shiga, shi ne dundumin da muke cewa. Asalinta kuma tsuntsuwar daji ce daga kudu maso gabashin Asiya, kuma kakanninta a kan bishiya suke kwana. Saboda haka da ta ga haske ya fara janyewa, sai ta nemi wuri mai tudu da ta saba da shi. Matsalar ita ce a kan katanga ko reshe ba ta da kariya. Muzuru da tunku da maciji duk da dare suke farauta, ga ɓarawo mai ƙafa biyu, ga ruwan damina da sanyin hunturu.

Kafin ka ɗora wa kaza laifi, leƙa akurkin tukuna. Yawancin namu ɗan ɗaki ne na laka, ba taga, ba sandar hawa, ƙasa duk kashi. Ka sa kanka ciki ka shaƙa. In warin ya sa idonka ƙwalla, to ita ma haka. A huda ƙofofin iska daga sama, a rufe su da raga, a riƙa share kashin a kai a kai. Sai a gitta sanda mai ɗan kauri, taku biyu ko uku daga ƙasa, kowace kaza ta samu kamar santimita 20 zuwa 25, kusan taƙi guda ke nan. Sandar ta fi wurin yin ƙwai tsayi, in ba haka ba a can za su kwana su ɓata shi. Idan wurin ya yi kaɗan kuwa, manya za su yi ta saran ƙanana har su gudu waje.

Amma abin da ya fi korar kaji, wanda mutane ba sa lura da shi, ƙwari ne. Ƙuma da kaskar kaji suna ɓuya a tsagewar bango da ta katako da rana, sai dare su fito shan jini. Da rana in ka duba jikin kazar da wuya ka ga wani abu. Gwajin ba wuya: da dare ka ɗauki tocila da farin tsumma, ka goga ƙarƙashin sandar. In ka ga ja-ja, jinin kajinka ne. Kazar da ta saba kwana ciki kwatsam ta daina, wallahi nan za ka fara dubawa. A kwashe shimfiɗar a ƙone, a yaɓe tsagewar, a nemi maganin da ya dace wurin likitan dabbobi, a kuma ajiye musu toka da yashi su riƙa birgima. Don Allah kar a watsa fiya-fiya a kulle kaji ciki. Guba ce, ga ƙwan kuma mu za mu ci.

In akurki ya gyaru, saura koyarwa. Kaza 'yar sabo ce. Ka kulle su ciki kwana 3 zuwa 7 da abinci da ruwa, su gane nan ne gida. Amma in lokacin zafin Afrilu ne, ka tabbata akwai inuwa da iska, kar ka je gyara ka yi ɓarna. Bayan ka sake su, ka mayar da abincin yamma cikin akurkin. Dusa ko tsaki kaɗan, lokaci guda kullum, da kira iri ɗaya, tun kafin kiran sallar magariba. Sau da yawa cikin akurki yana riga waje yin duhu, shi ya sa suke tsayawa a bakin ƙofa. 'Yar fitilar sola tana maganin wannan, sai a kashe in sun hau.

Za a samu guda ɗaya mai kafiya, ba a rasawa. Kar a bi ta da gudu. Bari duhu ya yi, a lokacin ba ta da kuzari, ka ɗauko ta a hankali ka ɗora a sandar. Kwana huɗu ko biyar a jere yawanci ya isa. In bishiya ce ta ƙi bari, a rage dogayen gashin fiffike ɗaya da almakashi, ban da sababbin da ke tsirowa, don su akwai jini a cikinsu. Mai 'yan tsaki kuma a ware mata lungu a ƙasa, ita ba za ta hau sanda ba sai 'ya'yanta sun tasa.

Sannan a sa mutum ɗaya takamaimai a gida ya riƙa ƙirga su yana rufe ƙofa kowane dare, ya buɗe in gari ya waye.

Nan za mu tsaya yau. Sai mun haɗu a shiri na gaba.