Sabon Shafe Ba Ya Son Gaggawa

Ya kai mai karatu, gina ɗaki ba ƙaramin aiki ba ne. Ka sayi siminti, ka jawo yashi, ka biya magini. Yanzu an gama shafe, bango ya yi sumul. Zuciyarka tana cewa ka sayo fenti gobe, don Salla ta kusa, ko don amarya za ta tare. To, dakata tukuna. A nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Fenti ya yi kyau wata biyu, daga nan ya kumbura, ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa.

Me ya sa haka? Sabon shafe cike yake da ruwa. Ko ka taɓa shi ka ji ya bushe, cikinsa da sauran danshi. Ruwan nan dole ya fita. In ka rufe shi da fenti, zai tura fentin ya fito. Kuma ɗanyen siminti yana da kaifi. Ka ga yadda yake cin hannun magini? Haka yake cin fenti, musamman fentin mai. Ko simintin Malbaza ne, ko wanda aka kawo daga waje, duk halinsu ɗaya.

Saboda haka aikin farko shi ne jira. A sati na farko, ka riƙa yayyafa ma shafen ruwa safe da yamma. Wannan shi ke sa siminti ya yi ƙarfi, kar ya tsattsage. Bayan haka ka buɗe ƙofa da taga, iska ta riƙa shiga. Ka ba shi kwana 28 tun daga ranar da aka gama shafe. In da damana ne, ka ƙara masa kwanaki, don iska tana da laima.

Yaya za ka san ya bushe? Dubi launinsa. Jiƙaƙƙen shafe yana da duhu, busasshe yana da haske. In akwai tabo mai duhu a kusurwa ko a gindin bango, da saura. Ga wata dabara kuma. Ka sami leda mai faɗin tafin hannu biyu, ka manne ta a bango ta kowane gefe, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ɗaga ka ga raɓa a cikinta, kar ka taɓa fenti.

Wani lokaci za ka ga farin gari ya fito a kan shafe, kamar kanwa. Gishirin da ke cikin yashi da siminti ne, ruwa ya fito da shi. Ka goge shi da busasshiyar tsintsiya. Kada ka wanke shi da ruwa, don zai narke ya koma ciki, ya sake fitowa.

Yanzu sai zaɓen fenti. Iri biyu ne a kanti: fentin ruwa da fentin mai. Na ruwa da ruwa ake tsinka shi, kuma yana barin bango ya sha iska. Shi ya dace da sabon shafe. Na mai ya fi dacewa da ƙofa da taga da ƙarfe. Ka kiyayi fentin da ya daɗe a kanti har ya yi gudaji ko ya yi wari. Araha ba ta ado.

Kafin ka tafi kasuwa, ɗauki alƙalami mu yi lissafi. A ce ɗakinka metir 4 ne tsawo, metir 4 faɗi, tsayin bango metir 3. Bango ɗaya: 4 sau 3, ya ba da 12. Bango huɗu: 12 sau 4, ya ba da 48. Saman ɗaki: 4 sau 4, ya ba da 16. Haɗa 48 da 16, ka sami 64. Cire wajen 4 na ƙofa da taga, saura 60. Litir 1 na fentin ruwa yana shafe wajen 10 daga cikin nan. Ke nan shafa ɗaya litir 6 ce. Sau uku za ka shafa, litir 18 ke nan. Bokiti mai litir 20 zai kai ka, in shafen ya yi sumul. In yana da kaushi, ya fi haka sha.

Ranar aiki, ka fitar da kaya waje. Ka shimfiɗa tsofaffin buhuna a ƙasa. Ka cike ƙananan ramuka, ka bar su su bushe, ka share ƙurar bango sarai. Fenti ba ya kama ƙura.

Shafa ta farko ita ce tushen aiki. Sabon bango yana da ƙishirwa. In ka ba shi fenti mai kauri, nan da nan zai tsotse ruwan, ya bar fentin a sama bai kama ba. Don haka ka tsinka shi: gwangwani 7 na fenti, gwangwani 3 na ruwa mai tsabta. Ka motsa da kyau. Zai yi ruwa-ruwa, za ka riƙa hango siminti ta cikinsa. Kar ka damu, haka ake so. Ka bar shi ya kwana. Shafa ta biyu da ta uku, ruwa kaɗan suke so, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin bokiti. Kowace ta bushe kafin ka ɗora wata.

Ka fara da saman ɗaki, sannan bango, daga sama zuwa ƙasa. In ka fara da bango, ɗigon sama zai ɓata maka shi. Ka gama bango ɗaya kafin ka huta, don kar mahaɗa ta fito. Ka yi aikin da safe. Ranar da hunturu ya taso da ƙura, ka haƙura, don ƙura za ta manne a ɗanyen fenti.

In ɗakinka na ƙasa ne, an yi masa yaɓe, fentin kanti ba ya zama da kyau a kansa. Farar ƙasa ta fi. Ka jiƙa ta ta kwana, ka tace, ka tsinka ta kamar madara. Ka ɗan yayyafa ma bango ruwa, sannan ka shafa ba da kauri ba, sau biyu ko uku. Tana jiƙe ba ta nuna fari, sai ta bushe. Amma ka yi hankali da wadda aka gasa, ta buhu. Tana ƙona fata, in ta shiga ido tana iya ɓata shi. In haka ta faru, ka wanke idon da ruwa mai yawa, ka tafi gidan likita ba da jinkiri ba.

Ka kula da iyali. Wasu fentin mai suna da dalma a ciki, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Kada yaro ya yi wasa da gwangwanin fenti, kada a zuba ruwan sha ko abinci a cikinsa. In an shafa fentin mai, kar a kunna wuta kusa, kar a kwana a ɗakin sai warin ya fita. Mai ciki da jariri su ne na ƙarshen shiga.

In Salla ta zo bango bai bushe ba, ka yi Sallarka da bangon siminti. Ba abin kunya ba ne. Fentinka yana cikin bokiti, ba ya gudu.

Tambayoyi:
1. Kwana nawa ake jira kafin a shafa ma sabon shafe fenti?
2. Me ya sa ake tsinka shafa ta farko da ruwa?
3. Auna ɗakinka. Litir nawa zai sha?