Horon Malamai Ta Wayar Salula: Jarin Da Makarantun Unguwannin Hausawa A Legas Ke Buƙata

Ikorodu, Jihar Legas

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Mile 12 ta nufi Ikorodu, ko ya kutsa lungunan Agege da sassafe, zai ga yara cikin kayan makaranta launi-launi, kowane launi da makarantarsa. Mafi yawan waɗannan makarantu ba na gwamnati ba ne. Ƙidayar da aka gudanar a Jihar Legas a zangon karatu na 2010 zuwa 2011 ta gano makarantu masu zaman kansu fiye da 12,000, ta kuma nuna cewa fiye da rabin yaran da ke zuwa makaranta a jihar a cikinsu suke karatu. Makarantun firamare na gwamnatin jihar kuwa ba su wuce dubu da 'yan kai ba. Ke nan ilimin firamare a Legas kasuwa ce babba, kuma a cikin masu hannu a wannan kasuwa akwai Hausawa mazauna Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Sabon Ikorodu, waɗanda suka kafa makarantun Islamiyya da na boko, ko suke ɗaukar nauyinsu da dukiyarsu.

Mai makaranta yana iya lissafa kuɗin haya, da na benci, da na allo, amma abin da iyaye ke biya dominsa shi ne abin da ke cikin kan malami. Shi kuwa wannan jari, kamar kowane inji, yana tsufa idan ba a sabunta shi. Tambayar da ke gaban masu makarantu a yau ita ce ta wace hanya malami zai ci gaba da ƙaro sani alhali yana bakin aiki, kuma wa zai biya.

Tambayar ba sabuwa ba ce. Lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa a shekarar 1976, yara sun yi wa malamai yawa, aka kwaso mutane da dama da ba su da takardar koyarwa aka ba su alli. A wannan shekara ce aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, aka kuma tabbatar da ita da doka a 1978. Aikinta shi ne koyar da malami daga nesa ba tare da ya bar ajinsa ba: littattafan darasi a buga a aika masa, ya halarci cibiyar karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu, ya zauna jarrabawa. Ta wannan hanya dubban malamai suka sami takardar Grade II, daga baya kuma ta NCE bayan da aka mayar da ita mafi ƙanƙantar shaidar shiga aikin koyarwa. A 1993 aka kafa Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, TRCN, wadda tun daga 2017 take shirya jarrabawar cancanta ta hanyar na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ma'ana, malamin da bai iya sarrafa kwamfuta ba, ko lasisin sana'arsa sai ya sha wuya kafin ya samu.

Ta fuskar kuɗi kuwa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗaɗen shigar Gwamnatin Tarayya, kuma a tsarin rabon da aka daɗe ana amfani da shi, kashi 10 cikin 100 na wannan kaso na horar da malamai ne. Sai dai yawancin wannan horo ya kasance taron bita na 'yan kwanaki: a tara malamai a babban ɗaki, a karanta musu ƙasida, a ba su alawus, kowa ya koma ajinsa ya ci gaba da yadda ya saba. Sakamakon jarrabawar da Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare a 2017, inda ta ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa samun makin da aka gindaya a kan tambayoyin aji huɗu, ya tayar da ƙura, kuma ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka shirya jarrabawar. Amma ko masu jayayyar ba su ce bitar kwana uku ta wadatar ba.

Abin da ya sauya lissafin shi ne wayar salula. A watan Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar tafi-da-gidanka, inda kamfanonin MTN da Econet kowanne ya biya Dalar Amurka miliyan 285. A 2010 wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki daga gaɓar Legas, sannan na Equiano, mallakar Google, ya iso a 2022. Kowane ɗaya daga cikinsu ya ƙara faɗin hanyar intanet, ya kuma sauko da farashinta na sari. Da haka na'urar da malami ke riƙewa a aljihu ta zama ɗakin karatu, kuma masu shirya horo ba su yi jinkirin ganewa ba. A 2013 hukumar UNESCO da kamfanin Nokia suka gwada aika wa malaman Ingilishi na firamare gajerun darussa ta waya a Birnin Tarayya. Shirin bunƙasa malamai na TDP, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2013 a jihohin Jigawa, Katsina da Zamfara, daga baya Kano da Kaduna, ya zuba hotunan bidiyo na darussa a cikin wayar malami, ta yadda zai kalli yadda wani malami ɗan'uwansa ke koyar da darasin kafin shi ya shiga aji, ko da babu intanet a garin.

A Legas, babban gwaji shi ne shirin EKOEXCEL, wanda gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta ƙaddamar a 2019 ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, LASUBEB, tare da kamfanin NewGlobe a matsayin abokin aiki na fasaha. An horar da malaman firamare na gwamnati fiye da dubu goma, aka ba kowanne ƙaramar kwamfutar hannu da ke ɗauke da darasin kowace rana a rubuce dalla-dalla. Na'urar tana kuma rubuta lokacin da malami ya iso makaranta da inda ya tsaya a darasi, bayanan su tafi ofishin hukuma. Jihar Edo ce ta riga fara irin wannan tsari a 2018. Masu goyon bayansa suna kafa hujja da binciken da Farfesa Michael Kremer, wanda ya sami kyautar Nobel kan tattalin arziki a 2019, ya jagoranta a ƙasar Kenya, aka fitar a 2022, wanda ya nuna cewa 'yan firamaren da aka koyar da wannan salo sun zarce takwarorinsu da kusan shekara guda ta karatu a cikin shekaru biyu. Masu suka, musamman ƙungiyoyin malamai na duniya, suna cewa malamin da ke karanta darasi daga allon na'ura kalma bayan kalma ana sarrafa shi ne, ba a horar da shi ba. Duka ɓangarorin suna da gaskiyarsu. Rubutaccen darasi yana ceton yaron da malaminsa ke da rauni, amma ba ya mayar da malamin gwani. Ranar da batir ya mutu, ko kwangila ta ƙare, abin da ya zauna a kansa shi kaɗai zai rage.

Ko ma mene ne hukuncin mutum kan shirin, ga mai makaranta a Zangon Agege ko Sabon Ikorodu maganar ɗaya ce: shirin na makarantun gwamnati ne. Malamin makarantar kuɗi da na Islamiyya suna waje.

A nan ne masana tattalin arziki ke da abin faɗa. Tun a shekarun 1960 Gary Becker ya bambance horo iri biyu: wanda ke amfanar ma'aikaci a wurin aikinsa kaɗai, da wanda zai iya ɗauka ya tafi da shi duk inda ya ga dama. Horon malami na nau'i na biyu ne. Mai makarantar da ya kashe kuɗi ya tura malaminsa kwas yana fargabar cewa da zarar ya dawo da takarda, makarantar da ke bayan layi za ta ƙara masa ɗan albashi ta ɗauke shi. Don haka ba ya turawa. Malamin kuma ba ya iya biya da kansa, domin a ƙananan makarantu da yawa albashi bai kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda aka mayar Naira 70,000 a 2024, balle na Jihar Legas da aka ɗaga zuwa Naira 85,000 a wannan shekara. Kowa yana da hujja a lissafinsa, amma a ƙarshe duk makarantun unguwar sun yi asara tare.

Giɓin da wannan ya bari, malamai da kansu suke cike shi. Annobar korona ce ta ƙara tura su. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, darussa suka koma gidajen rediyo da talabijin, malamai kuma suka koma zaurukan WhatsApp da Telegram, inda ake musayar jadawalin darasi, tambayoyin jarrabawa, da sautin yadda ake furta kalmomin Ingilishi ko ƙa'idojin tajwidi. Bayan an buɗe makarantu zaurukan ba su mutu ba. Malamin lissafi da ya kakare a kan wani babi yana jefa tambaya da dare, kafin asuba wani daga Zariya ko Ilori ya aiko masa da hoton amsa a rubuce. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da asusun UNICEF da kamfanin Microsoft suka buɗe dandalin Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa kyauta da Ingilishi, Hausa, Yarbanci da Ibo. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana da cibiyoyi a Legas, ita ma NTI haka.

Wannan tsari na neman sani ta hanyar abokan sana'a bai kamata ya zama baƙo ga Bahaushen Agege ba. Fataucin goro da shanu tsakanin Arewa da ƙasar Yarbawa bai tsayu a kan banki ko kotu ba, ya tsayu ne a kan maigida da dillali da labarin farashi da ke yawo daga zango zuwa zango, kamar yadda Abner Cohen ya bayyana a nazarinsa kan Sabon Ibadan da aka buga a 1969. Haka ma karatun zaure: malami yakan bar garinsu ya je wurin wanda ya fi shi sanin wani littafi, ya karanta, ya dawo. Markaz ta Agege, wadda Shaihu Adam Abdullahi al-Ilori ya kafa a 1952 a Abeokuta kafin ya dawo da ita Agege, ta yaye malamai da suka bazu a Afirka ta Yamma, kuma zumuncin tsofaffin ɗalibanta shi kansa makaranta ne. Wayar salula ta rage tsawon tafiyar ce kawai.

Sai dai zauren waya yana da nasa aibi, kuma babba ne. Ba shi da mai tacewa. Darasi mai kuskure yana yawo da saurin da mai kyau ke yawo, kuma sau da yawa sanarwar biki da gardamar siyasa sukan binne abin da aka taru dominsa. Ba ya kuma ba da takardar da TRCN za ta karɓa. Darasin da aka koya daga shirye-shiryen Arewa, irin su ESSPIN da ya yi aiki a jihohi shida har da Legas da Kano daga 2008 zuwa 2017, shi ne cewa horo yana kama jiki ne idan akwai wanda ke shiga aji ya ga malami yana koyarwa, ya zauna da shi bayan darasi su tattauna, sannan malaman makarantu maƙwabta su riƙa haɗuwa a kai a kai. Na'ura tana taimaka wa wannan aiki. Ba ta maye gurbinsa.

Ga kuma tsada. Faɗuwar darajar Naira tun daga watan Yunin 2023 ta ɗaga farashin waya da kwamfuta a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, domin kusan duk kayan daga waje ake shigo da su. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Wutar lantarki ma sai a hankali, duk da cewa tashar Egbin, mai ƙarfin megawat 1,320, a yankin Ikorodu take. Kuɗin agaji na waje da aka saba dogara da su su ma sun ja baya: shirye-shiryen Birtaniya da aka ambata sun ƙare, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID, wadda ta ɗauki nauyin shirin koyon karatu da Hausa na Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi.

Idan matsalar ita ce babu mai makarantar da zai biya shi kaɗai, to maganinta shi ne a biya tare. Makarantu goma ko ashirin na unguwa guda suna iya yin karo-karo irin na adashi, su ɗauki gogaggen malami ɗaya, ko da wanda ya yi ritaya ne, ya riƙa zagaya azuzuwa, ya kuma zama mai kula da zauren wayarsu yana tace abin da ke shiga. Malamin da aka horar da wannan kuɗi, ko ya sauya makaranta, galibi a cikin unguwar zai tsaya, don haka jarin bai fita daga hannun waɗanda suka zuba shi ba. Ƙananan makarantun kuɗi na Legas sun daɗe da irin wannan haɗin kai a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta AFED. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Mile 12 da na Agege, waɗanda ke tara kuɗi don ginin masallaci da jinyar marasa lafiya, ba za su gaza ɗaukar albashin mutum ɗaya da farantin hasken rana na cajin waya ba.

Akwai kuma ciniki a ciki ga mai ido. Yaron Bahaushe a Legas yana shiga aji da Hausa a bakinsa, ana koyar da shi da Ingilishi, yana wasa da Yarbanci, da yamma kuma ya karanta Larabci. Kayan horon da aka shirya wa malamin irin wannan yaro ƙalilan ne. Masu ɗaukar bidiyo na Kano da Kaduna suna da kyamara da gwanintar haɗa hoto, masu tura finafinai da wa'azi a katin waya suna nan a kowace tasha, kuma darasin minti goma da aka zuba a kati ba ya cin data ko kaɗan. Abin da mai son shiga wannan harka zai fara nema shi ne malamin da ya san manhajar Jihar Legas, da kuma amincewar wata kwalejin ilimi ko NTI, domin takardar da za a bayar a ƙarshe ta zama mai amfani ga wanda ya biya.