Mai gidan gem da sabis mai rawa

Da la'asar, idan 'yan makaranta sun taso, benci kan cika a gidan gem. Talabijin huɗu ko biyar a jere jikin bango, kowacce da PlayStation a ƙarƙashinta, fanka na ta kaɗa iska mai zafi. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka aikin maigidan bai wuce karɓar kuɗi da miƙa fad ba. Haka abin yake a zamanin da mutum biyu kan zauna kafaɗa da kafaɗa su buga ƙwallo a na'ura ɗaya. Yanzu da samari ke son karawa da wani a Alƙahira ko Landan, abin da ya fi tayar da shi daga kujera shi ne kiran nan: "Oga, ya ƙi shiga!"

Wuta da data su ne cefanen wannan sana'a na kullum. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kunna janareto daga azahar zuwa dare ya zama abin lissafi, shi ya sa mai hali ya koma sola da batir. A Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari. Wasa shi kansa ba ya cin data sosai. Sabuntawa ce ke wawushe ta, domin guda ɗaya na iya kai gigabait goma ko fiye, kuma uwar garke ba ta karɓar wanda wasansa ya tsufa. Don haka sai maigida ya bar na'ura tana saukewa da dare. Ga kuɗin PlayStation Plus, wanda sai da shi ake buga wasan ƙwallon FC a intanet, kuma da yake Najeriya ba ta cikin ƙasashen da Sony ke buɗe wa asusu, da katin dala ko fam ake biya.

Gwanintarsa tana cikin sanin inda cutar take kafin a ba da magani. Ya kan fara duba ko na'ura ɗaya ce ta ƙi, ko duka. In duka ne, sai ya kashe rauta ya ɗan jira ya kunna. In har yanzu shiru, ya ɗauki wayarsa ya duba ko uwar garken kamfanin wasan ce ta faɗi, domin idan haka ne babu abin yi sai haƙuri. Sabon shiga kan ɓata awa guda yana taɓa saiti a kan matsalar da ke can wata nahiya. Wanda ya daɗe kuma ya san kebul ya fi Wi-Fi, musamman a shagon da wayoyi ashirin ke rububin rauta ɗaya.

Akwai wata cuta mai taurin kai da ake kira NAT. Idan ya gwada haɗin na'urar, za ta nuna masa nau'i na 1, na 2 ko na 3. Na 3 shi ne ke hana a haɗu da aboki ko a ji muryarsa. Kamfanonin waya kan tara kwastomomi da yawa a bayan adireshin intanet guda, kamar gidan haya mai zaure ɗaya: na ciki yana fita yadda ya so, amma baƙo ya yi sallama ba a san wa yake nema ba. Wani lokaci kunna UPnP a rauta kan warware, amma idan daga kamfanin ne, sai dai a sauya layi. Ita kuwa dabarar sauya DNS zuwa 8.8.8.8, wadda yara suka ɗauka laya ce, tana taimakawa wajen gano adireshin uwar garke ne kawai, ba ta rage jinkirin wasa.

Jinkirin nan, da ake kira ping, nisa ne ke kawo yawancinsa. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, kebul ɗin MainOne da ya bi ƙarƙashin teku zuwa Fotugal kuma kilomita 7,000. Haske kan ci kilomita 200 a milisakan ɗaya cikin kebul, saboda haka zuwa da dawowa kaɗai sun cinye milisakan 80 kafin a yi maganar cunkoso. Shi ya sa ɗan wasa zai danna ya ga an riga an ƙwace masa ƙwallo. Ranar 14 ga Maris 2024, da kebul huɗu suka lalace a gaɓar Kodebuwa, intanet ta yi rauni a faɗin Afirka ta Yamma, ba kuwa saitin da zai gyara wannan.

Ciniki bisa wasa ake yinsa ko bisa awa, kuma lokacin da sabis ya ci, maigida ke ɗaukar asararsa, don in ya caji yaro kuɗin wasan da ya katse, gobe shagon gaba zai nufa. Ya kan cike giɓi da cajin waya, sa wa mutane wasanni a na'urorinsu, da zuwa gidaje gyara haɗin intanet. Hutun makaranta da bikin Sallah su ne kakarsa. Ƙurar hunturu tana toshe fankar na'ura, zafin bazara na kashe ta tsakiyar wasa, fad kuwa hannun mai fushi ne ke karya shi. Mai son zama lafiya da unguwa ba ya barin caca, ba ya karɓar yaro da kayan makaranta da hantsi, kuma ana kiran magariba yake kashe talabijin, ko da kuwa a lokacin ne sabis ya daidaita.