Madubin da ake aunawa kafin a harba shi sama

Mu ƴan kasuwa mun san ba a biyan kuɗin buhu sai an soka an ga ƙwaya. Masana sararin samaniya ma haka suke yi da madubinsu, musamman na hangen hasken X.

Wannan haske shi ne wanda likitoci ke ɗaukar hoton ƙashi da shi, wanda muke cewa radiyo. Taurarin da suka fashe suna fitar da shi, amma iskar duniya tana shanye shi kafin ya iso ƙasa. Shi ya sa dole a kai na'urar hangen can sama. Kuma ba ya dawowa daga madubi irin na ɗakinmu, sai an karkata madubin ya goge shi kaɗan, kamar dutsen da yaro ke jefawa ya yi tsalle bisa ruwa. Don haka ake yin madubin kamar ganga marar gindi, ana saka ɗaya cikin ɗaya.

Na'urar Chandra ta hukumar NASA ta Amurka tana da irinsu guda 8, mafi girma faɗinsa mita 1,2. A 1996 da 1997 an kai su cibiyar Marshall da ke jihar Alabama. Can akwai wani bututu mai tsawon fiye da mita 500 da ake zuƙe wa iska. A wannan baki ake kunna hasken, madubin yana wancan baki, don ya zo masa daga nesa kamar na tauraro.

Me ya sa wannan wahala? A 1990 an harba Hubble, mai hangen hasken da ido ke gani, sai hotunansa suka zo dishi-dishi. Da aka bincika, ashe ma'aunin da aka gwada madubin da shi ne aka haɗa ba daidai ba. Kuskuren bai kai kaurin gashi ɗaya ba, amma sai da ƴan sama jannati suka tafi gyara a 1993. Ita kuwa Chandra, da aka harba a watan Yuli 1999, tana yin nisan da ya kai kusan sulusin hanyar wata, inda mai gyara ba ya zuwa.

Tiya in ta lotse, duk hatsin da aka auna da ita ya tauye, ko da mai awon na da gaskiya. Mu riƙa duba ma'auninmu tun kaya ba su hau mota ba.